Yadda Ake Tsara Rumfar Tafakkuri a Bakin Dausayi

Wanda ya taɓa kwana a Nguru cikin watan Janairu, ya fita bakin tafki bayan sallar asuba, ya san abin da zan yi magana a kansa. Hazo na kwance a kan ruwa, masunci na kife a kan gorarsa yana tura ta da hannu, balbela sun jeru a gefen ciyawa, can sai garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya yana fito. Zuciya takan so ta daɗe a irin wannan wuri, amma jiki ba ya yarda. Ƙafa ta gaji, sanyin hunturu ya ratsa riga, kafin ka ankara rana ta ɗago ta kore ka. Daga nan ne tunanin rumfa ke zuwa: wurin da mutum zai zauna shiru, ya kalli halittar Ubangiji, ya yi zikiri ko ya yi karatu, ba tare da ya takura wa tsuntsu ko masunci ba.

Na taɓa ganin wata da aka gina da wannan niyya a bakin wani tafki. An zuba siminti har cikin ruwa, an rufa jan kwano mai ƙyalli, an manna tayil. Da rana ba ta shiguwa don zafi, tsuntsaye sun ƙaurace wa gefen, kuma damina biyu kacal daɓen ya tsage. Niyyar mai kyau ce, sai dai an zana ginin a ofis kafin a saurari wurin. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, ruwan da tsuntsayen su ne abin kallo. Aikin rumfa inuwa ce da mazauni da kariya daga iska, sai kuma ta ɓoye ka. Zan bi matakan da misalin dausayin Haɗeja da Nguru, amma za su yi maka aiki a duk wata fadama mai cika ta janye.

Mataki na farko: ka ba wurin shekara guda

Kada ka ɗauki fensir tukuna. Dausayi wuri biyu ne a wuri ɗaya, wanda ka gani a Afrilu ba shi za ka tarar a Satumba ba.

Wannan dausayi ya samu ne inda kogin Haɗeja da kogin Jama'are suka ci karo da tsofaffin tuddan rairayi da suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Ruwan ya rasa hanya ɗaya, sai ya rarrabu tsakanin tuddan, ya yi tafkuna da fadamu, kafin ya sake haɗuwa ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Ruwan saman yankin bai wuce na wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, amma ambaliyar da ke cika fadamun daga nesa take tasowa, daga wajen Kano da tsaunukan Jos, don haka takan kai ƙarshen cikarta wajen ƙarshen damina. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja. Sakin ruwa da rani ya sa wasu magudanai ba sa bushewa, laka ta taru, ciyawar kachalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyi, ruwan ya karkata ta magudanar Marma zuwa tafkin Nguru. Gonakin da kakanni suka noma yau wasu ruwa ne a kansu shekara zagaye.

Saboda haka ka ziyarci wurin aƙalla sau huɗu: tsakiyar bazara, da ƙarshen damina lokacin da ruwa ya cika maƙil, da farkon hunturu, da kuma Fabrairu. Kowace ziyara ka je da asuba, ka koma da la'asar. Ka riƙe ƙaramin littafi kana rubuta inda bakin ruwa yake, daga ina iska ke busowa, ina tsuntsaye ke kiwo, ina suke kwana, wace hanya shanu ke bi.

Babban abin da kake nema shi ne iyakar ambaliya mafi girma. Itatuwa ba sa ɓoye wannan. Dubi jikin giyayya da bagaruwa, za ka ga layin da ruwa ya bari a ɓawo, da busasshiyar ciyawa maƙale a rassa inda igiyar ruwa ta rataye ta. Sannan ka tambayi mutanen wurin, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ka tambayi dattawa, ka kuma tambayi samarin da ke su yanzu, domin kamar yadda na faɗa ruwan ya sauya hali. Ka ce a nuna maka da hannu inda ya kai a 2012 da 2022, shekarun da ambaliya ta yi ɓarna sosai. Inda aka nuna ka kafa turke, ka yi masa alama da fenti. Daga wannan alamar za a auna komai.

Mataki na biyu: izini, da yardar masu wurin

Yawancin wuraren da za su burge ka suna da mai su a hukumance. Tafkin Nguru da magudanar Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta sa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Tafkin Dagona da dausayin Baturiya sun shiga jerin a 2008. Dagona na cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, don haka maganarsa tana hannun hukumar gandun daji ta ƙasa. Baturiya kuwa tana Jihar Jigawa. Ka fara da ofishin da ke kula da wurin, ka kai musu zanen farko da taswirar inda kake nufi, ka kuma tambaya ko aikin na buƙatar takardar nazarin tasiri ga muhalli. Shawarata ita ce ka nemi wuri a wajen iyakar gandun, kana hango cikinsa. Ya fi sauƙin samun izini, kuma ya fi wa tsuntsayen alheri.

Takardar hukuma kaɗai ba ta tsare rumfa. Ka je wurin hakimi da bulama ko mai unguwa, ka gaida sarkin ruwa, ka zauna da arɗon Fulanin da ke shayarwa a nan. Bade da Hausawa da Kanuri da Fulani sun daɗe suna raba wannan ruwa, kowa da lokacinsa da gefensa: mai shinkafa da damina, mai noman rani bayan ruwa ya janye, masunci, mai yankan kaba, makiyayi. Ka tambaye su kai tsaye, "Ranka ya daɗe, idan aka kafa rumfa a nan, hanyar wa za ta tare?" In ta hau burtali ko mashaya ko inda ake jan kwale-kwale, ka matsa, komai kyan wurin. Ka kuma yi maganar wanda zai riƙa kula da ita tun yanzu, da abin da za a riƙa ba shi.

Mataki na uku: zaɓen gurbi

Ka nemi tudu. Baƙar lakar fadama tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani har hannu ya shige, kuma wannan motsi shi ke karya daɓe da tushe. Gefen tudun rairayi, inda jigawa ta gangaro ta sadu da fadama, nan ne ƙasa ta fi tsayawa, nan ne kuma ido ke samun ɗan tsayi.

Ka nemi itace, ka raɓa da shi. Rumfar da ta tsaya ita kaɗai a fili tana tsone wa tsuntsu ido, amma wadda ta shiga ƙarƙashin tsamiya ko kanya ko kurmin goruba takan ɓace a ciki. Lura da gawo: shi da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani, don haka inuwarsa na zuwa daidai lokacin da kake buƙatarta. Kada ka haƙa tushe kusa da gindi har ka datse saiwa, kuma itacen da ka ga sheƙu a kansa ka bar wa masu shi.

Sai nisa daga tsuntsaye, kuma wannan auna shi ake yi, ba a cankarsa. Da hunturu, lokacin da baƙin tsuntsaye suka sauka, ka sa tufafi marasa haske ka nufi garken a hankali kana ƙirga taku. Akwai inda za ka kai su daina kiwo su ɗaga kai. In ka ci gaba akwai inda za su tashi. Gurbinka yana bayan wurin farko, inda ba su ɗaga kai ba tukuna. Ka maimaita a ranaku daban-daban, ka ɗauki nisa mafi tsawo, domin dinya da gauraka sun fi balbela tsoro nesa ba kusa ba.

Ina nanata wannan ne saboda dalili. Da yawa cikin ƙananan agwagi da tsuntsayen bakin ruwa da kake gani daga Nuwamba zuwa Maris daga Turai da arewacin Asiya suka taso, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara. Wannan dausayi na cikin ruwayen farko da suke samu bayan hamada, kuma a nan suke tara kitsen da zai mayar da su gida. Duk tashin da aka sa su yi a banza, daga guzurin komawarsu ake cirewa. Darajarsu ce ta kawo Yarima Philip na Ingila Dagona a 1989, Yarima Charles da Gimbiya Diana kuma a 1990. Bai kamata rumfar da aka yi don ƙaunarsu ta zama abin da ke korarsu ba.

Mataki na huɗu: ina za ta fuskanta

A nan ne ake dogon tunani, domin abubuwa huɗu ne ke jan ka, kowanne gefensa daban.

Rana tukuna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana na karkata kudu. In rumfarka na kudancin ruwa tana kallon arewa, hasken na bayanka, za ka ga launin kowane gashi. In tana kallon kudu ko gabas, ruwan zai zama madubi, tsuntsayen su zama baƙaƙen inuwoyi, ido ya yi ta hawaye. Sai dai iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, wato kusan daga inda kake son kallo. Hadarin damina kuwa daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa a gidajenmu na ƙasa. Iskar damina mai sanyi ta yau da kullum, wadda kake so ta shigo, daga kudu maso yamma take.

Mafita ita ce ka juya bakin rumfar zuwa arewa maso yamma kaɗan, ka toshe gabas da arewa maso gabas da bango ko zana mai kauri, ka bar kudu maso yamma da asabarin da ake ɗagawa. Wannan bangon gabas zai yi maka wani aiki kuma: alƙibla a yankin gabas take da ɗan karkata arewa, don haka wanda lokacin salla ya riske shi a rumfar zai samu sutura a gabansa, ba mai gilma masa. Ka bar fili a nan da zai ɗauki darduma biyu.

Kafin ka yanke hukunci, ka kafa sanduna huɗu da igiya a gurbin, ka ɗora tsohuwar zana, ka zauna ciki da asuba da azahar da la'asar. Wuni ɗaya a haka zai gyara maka zanen fiye da mako a kan tebur.

Mataki na biyar: abin da za a aro daga halitta

Da an ce gini ya yi koyi da halitta, sai wasu su zana rufi mai siffar fiffike ko furen bado, a zuba da kankare. Ni ban ga amfanin haka ba. Wanda ya zo kallon tsuntsu na gaske ba ya buƙatar na siminti. Dabara ake arowa, ba kamanni ba.

Dubi zalɓe. Siraran ƙafafu biyu ne kawai ke taɓa laka, ruwa na wucewa ƙarƙashinsa ba ya tare komai: ga darasin tushe. Dubi ganyen goruba, yadda ya buɗe kamar mafici, jijiyoyinsa suka taso daga wuri ɗaya, ruwa na gangarewa ta kwarin: ga darasin tsaiko. Dubi kachalla da iska ke kwantarwa ta miƙe ba ta karye ba, don tana barin iskar ta ratsa: ga darasin bango. Dubi kuma rumfar da manomin shinkafa ke kafawa don korar tsuntsayen jan-baki, ƙafafu huɗu da gado a sama da 'yar inuwa. Shekaru aru-aru ana gwada wannan tsari a cikin wannan ruwa, kuma ba ta taɓa zama baƙuwa a idon tsuntsu ba. Rumfarka ƙanwarta ce da aka ƙara wa ƙarfi da natsuwa.

Launi ma daga wurin za ka ɗauka: ruwan ƙasa, ruwan toka, launin busasshiyar ciyawa. Ban da fari, ban da duk abin da ke ƙyalli.

Mataki na shida: girma da awo

Ka yi ta ƙarama. Wurin mutum shida zuwa takwas ya isa. Da ta wuce haka ta zama wurin hira. Magina na gargajiya sun san azara ba ta son ta wuce kamar mita 1.8 ba tare da abin tallafi ba, don haka ka ɗauki wannan a matsayin ma'auninka. Uku a tsawo, biyu a faɗi, zai ba ka mita 5.4 da mita 3.6, dogon gefen yana kallon ruwa.

Daɓe ya ɗara alamar turkenka da aƙalla santimita 60. Don kai alamar zuwa gurbin, ka yi amfani da farin tiyon nan da magina ke awo da shi: a cika shi da ruwa, a fitar da kumfa, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin turke, ɗayan ya riƙe a gurbin, inda ruwan ya tsaya a ɓangarorin biyu daidai suke.

Ginshiƙai su kai mita 2.6 daga daɓe. Rufin ciyawa na son gangara sosai, digiri 45, wato duk mita ɗaya a kwance ya hau mita ɗaya. In bakin jinka ya zarce ginshiƙi da santimita 80, zai sauko zuwa mita 1.8 daga daɓe. Wannan saukowar da gangan ce: tana yanke farin sararin sama mai kashe ido, ta bar maka ruwa da ciyawa da layin itatuwa a miƙe kamar an shimfiɗa zane. Ƙololuwar za ta kai kamar mita 4.4 daga daɓe, don haka ka tabbata itacen da ka raɓa ya fi ta tsayi.

Benci santimita 45 a tsayi, 40 a faɗi. Amma mu mutanen tabarma ne, dattijo zai fi son ya miƙe ƙafa a ƙasa, don haka rabin rumfar ka bar shi fili.

Mataki na bakwai: tushe da daɓe

In gurbin tudu ne da ruwa bai taɓa hawa ba, dakali ya isa. A kewaye shi da dutse ko bulo, a cika da jan marmara hawa-hawa ana yayyafi ana dannewa, a gama da daɓe irin na gargajiya a shafe da makuba. Yana da sanyi a ƙafa, kuma ba ya amsa taku.

In kuwa ruwa kan zo wurin wasu shekarun, sai a ɗora ta a kan ƙafafu. Nan kaɗai na yarda da siminti: ƙananan ginshiƙan kankare masu rodi, santimita 30 kowane gefe, a haƙa su sauka aƙalla mita ɗaya har a samu ƙasa mai tauri, guda 12 a jeri uku. In ƙasar laka ce, ka kira injiniya ya duba kafin a zuba, kuɗinsa bai kai na rushewa ba. A kwaɓa siminti nesa da ruwa, kada a wanke shebur da kwanon kwaɓi a tafki, domin ruwan siminti na kashe kifi.

Gara ita ce babbar abokiyar gaba. A kan kowace ƙafa a kifa faifan kwano mai lanƙwasasshen baki, sannan a ɗora katako a kan takalmin ƙarfe, yadda itace ba zai taɓa ƙasa ko kankare ba. Garar da ke son hawa dole ta gina hanyarta a fili inda mai kula zai gani ya kankare. Kafintoci za su ce a shafa baƙin mai. A cikin gari wannan maganarsu ce, amma a bakin dausayi kada ka yarda, ruwan farko zai wanke shi zuwa inda kifi ke ƙwai. A babbake gindin itacen da wuta har ya yi baƙi, ya wadatar in ana dubawa. Tsakanin allunan daɓe a bar tsagi kamar kaurin fensir don ruwa da ƙura su zube.

Mataki na takwas: ginshiƙai da jinka

Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa ta riƙe soraye tun zamanin Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Amma giginya ta yi ƙaranci, kuma abin kunya ne a sare itace a dausayi don gina wurin kallon dausayi. Ka bi unguwannin da ake rushe tsofaffin gidajen ƙasa a Haɗeja ko Gashuwa ko Nguru, ka sayi tsohuwar azara. Wadda ta shekara hamsin a rufi ta riga ta ci jarrabawa. Tsaiko kuwa a yi shi da sandunan itacen turare da aka shuka don sayarwa, a ɗaure tanka da igiyar kaba. A mahaɗar tsaiko da ginshiƙi kaɗai za a sa ƙarfe da noti, domin iskar da ke gaban hadari daga ƙasa take ɗaga rumfa, kuma rumfa mai buɗaɗɗen gefe ta fi kowace saurin tashi.

Baibaya aikin gwani ne, ka nemo wanda ƙauyen suka yarda da hannunsa. A yanko shuci bayan ya bushe ya zubar da iri, a yanta shi, a fara daga ƙasa ana hawa, kowane layi na rufe na ƙarƙashinsa. Kada a yi rowar ciyawa. Jinka mai kauri ita ke hana yoyo, ita ke riƙe sanyi a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Kachalla kuma, tunda ta zama annoba, ka sa ta aiki. A kwarin kogin Senegal, inda ita ma ta addabe su, ana rufi da ita ana kuma cakuɗa ta da ƙasa a yi bulo mai hana zafi. A yanke ta, a shanya ta bushe sarai, a saƙa ta tabarma-tabarma a yi rufin ciki da bango. Duk damin da aka yanko an rage wa wata magudana nauyi, an kuma sa kuɗi a hannun matasan ƙauyen.

Mataki na tara: bango da tagogin kallo

Gefen ruwa kada ya zama a buɗe gaba ɗaya. A ja zana daga daɓe zuwa santimita 90, yadda wanda ke kan benci kansa kaɗai ke sama. Ga masu zama a tabarma da yara, a yanka siririyar taga a kwance, tsayinta kamar tafin hannu, wajen santimita 65 daga daɓe. A saman zanar a shimfiɗa allo mai faɗin santimita 20 don dogara gwiwar hannu ko ajiye littafi da tabarau mai hangen nesa.

Ga wani sirri da ake yawan mantawa: bayan mai kallo ya zama duhu. In haske na shigowa ta bayanka, tsuntsu na ganin inuwarka tana motsi. Saboda haka ƙofa kada ta yi saiti da tagar kallo. A yi mata lanƙwasa irin ta zaure, ka shiga ka juya kafin ka ga ruwa. Wannan lanƙwasar na kuma sa mutum ya rage sauri, ya sassauta murya, kamar yadda zaure ke yi wa baƙo.

Mataki na goma: hanyar zuwa

Natsuwa daga hanya take farawa. Mota da babur su tsaya nesa, inda ƙararsu ba ta kai bakin ruwa. Daga nan a yi 'yar hanya mai faɗin mita 1.2, ta bi ta bayan tudu ko bayan itatuwa, kada ta bi gaɓar ruwa. Taku talatin na ƙarshe a kare su da zana ta gefen ruwa. Inda za a hau daɓe a yi gangara maimakon matakala, duk mita 12 a hau mita ɗaya, da abin riƙewa, don tsoho da mai keken guragu su shiga da kansu.

Abubuwan da za a kiyaye, a taƙaice

Ban da lantarki, ban da janareta, ban da lasifika. Hasken dare na rikita tsuntsaye, yana kuma tara ƙwari. Banɗaki can wajen ajiye motoci, a kan tudu, nesa da ruwa. A ajiye randa da buta a ƙofa, domin kada kowa ya gangara tafki alwala: ruwan kwance irin wannan na ɗauke da tsargiya. Sauro kuwa da magariba yake fitowa, a rufe wurin kafin nan. A sa ƙarfen kariyar tsawa da waya mai sauka ƙasa, kuma da an ga hadari ya haɗo kowa ya fita. Da kaka a share ciyawa mita biyar kewaye da rumfar saboda wutar daji, a hana shan taba da hura wuta. Allon bayani ɗaya ya isa, a can bakin hanya, da boko da ajami, da sunayen tsuntsaye yadda mutanen wurin ke kiransu.

Lokacin aiki da kulawa

A tara kaya da kaka da hunturu, lokacin da shuci da kachalla suka bushe, a yi saƙa da sassaƙa a cikin gari. Haƙa da kafawa kuwa a bari sai Afrilu zuwa Mayu, bayan baƙin tsuntsaye sun tafi, ƙasa ta bushe, a gama kafin shamuwa ta kawo labarin ruwa. A shigo da kaya da amalanke ko a ka ta hanya ɗaya tak, a kwashe duk wani buhu da guntun waya bayan an gama.

Mai kula ya leƙa ƙarƙashin daɓe duk mako don gara, ya ƙara ɗaure igiyoyi kafin damina, ya cike inda jinka ta yi rauni, a sake baibaya idan ta fara yoyo. Zana takan so canji duk shekara ɗaya ko biyu, don haka a ware kuɗinta tun farko. Turken nan na ranar farko kuma kada a tuge shi. Duk shekara idan ruwa ya kai ƙarshen cikarsa, mai kula ya yi sabuwar alama a jikinsa ya rubuta shekarar. In alamar ta fara matsowa ƙasa da santimita 30 daga daɓe, a kwance notin, a ɗaga rumfar ko a matsar da ita sama kan tudu kafin damina ta gaba.